Labarina: garin Berenil na Kawu ne ya kai ni wajen DNA, can kuma na tarar da ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan Ngaundere ne ta ƙasar Kamaru, a Sabongari aka haife ni, yanzu ina aikin labo a Garwa, jinin shanu da na tumaki muke aunawa. Mutane in suka ji aikina sai suce kai ɗan mahauci me ya haɗa ka da DNA, shiyasa nace bari in zauna in rubuta yadda abin ya faro. Ku yi haƙuri a tsakiya zan shiga kimiyya sosai, don wallahi ita ce ƙashin bayan labarin, in na cire ta ba abinda zai rage. Mu nan ADN muke cewa a lakwal amma zan riƙa rubuta DNA tunda shi aka fi sani, wato zaren nan da ke ɗauke da gadon halitta a jikin kowane mai rai.

Baba kilishi yake yi, yawancin masu sayensa matafiya ne masu shiga jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, da wannan kilishin aka biya min kuɗin lakwal tun daga aji ɗaya har jami'a, Allah ya saka masa da aljanna. Shi kuma Kawu, yayan Inna, shanu gare shi wajen Tinyer a hannun wani Bafillace amininsa da muke kira Baffa, kuma duk hutun damina can ake tura ni in taya su.

Duk wanda ya san yankin nan ya san tsando, ƙudan da ke sa wa shanu cutar sammore. Tun shekarun 1970 hukuma take fama da shi a Adamawa har da feshi ta sama, amma bakin rafuka da kurmi bai taɓa rabuwa da shi gaba ɗaya ba. Wata shekara ina lise, wato sakandare, sammore ya shiga garken Kawu, shanun da na sani da ƙiba suka zube, gashi ya tashi, ido na hawaye, in ka buɗe fatar idon sai ka ga fari fat ba jini, wata saniya har ƙasa take lasa. Da asuba Kawu zai tsuguna ya yage 'yar jakar Berenil, maganin sammore, da haƙori, ya zazzage garin a kwalba, ya zuba ruwa ya girgiza har ya koma ruwan ɗorawa, Baffa da yaransa su kada saniya, a soka allura a wuya. Wasu cikin kwana kaɗan sai ka ga sun miƙe suna kiwo, wasu kuwa ko gezau, haka muka yi ta yanka. Ran nan ya ɗago kwalbar ya dube ni yace "kai ɗan nan, kai da kake lakwal, me ke cikin garin nan da yake kashe cutar ya bar saniyar?" Ba ni da amsa. Shi kam ya manta ya ma yi tambayar, ni kuwa ta zauna min a rai shekara da shekaru.

Na ci probatuwar, na ci bak D, jarabawoyin gama lise kenan, na shiga jami'ar Ngaundere a Dang na ɗauki biyoshimi. Har lokacin DNA a wajena zane ne a allo, zare biyu a murɗe da haruffa huɗu A, T, G, C a tsakani, A na kama T, G na kama C, mu haddace mu zuba a jarabawa. Kuma ku lura da duk zanen da ake yi mana, kewaye da zaren fili ne fari ba komai, kaman a iska yake rataye.

Ranar da abin ya fara canza min ranar wani tepe ne mai sauƙi, wato gwajin da ɗalibai ke yi da hannunsu a labo. Muka dama ayaba da ruwa da gishiri da ɗan sabulun wanke kwano, muka tace, ruwan ya fito dishi-dishi ba ka ganin komai ciki, sai malamar ta ɗauko alkol mai sanyi daga firigo tace ku karkata tib ɗin ku zuba a hankali ta gefe. Ina zubawa sai ga wani farin abu kaman majina yana tasowa daidai inda alkol ya haɗu da ruwan, da 'yan kumfa maƙale a jikinsa, na sa tsinke na naɗo shi yana bin tsinken. Sai ta tambaye mu, tun ɗazu DNA ɗin nan yana cikin tib, me ya ɓoye shi? Kowa yayi shiru. Tace ruwa ne, ruwa ne ya rungume shi ta ko'ina, yanzu kun ƙwace masa ruwan shine ya dunƙule ya fito.

Daga nan na fara bin abin da kaina. Ƙwayar ruwa ɗaya oksijin ɗaya ce da haidirojin biyu, a lanƙwashe, gefen oksijin na da ɗan cajin nagatif gefen haidirojin na da ɗan pozitif, saboda haka tana iya kama abu har huɗu lokaci guda, ta miƙa hannu biyu ta karɓi biyu. Shi kuma DNA bayansa duk fosfat ne, kowane fosfat da cajin nagatif ɗaya, ga zaren biyu manne da juna faɗinsu duka nanomita 2, da ba komai tsakani da sun tunkuɗe juna sun watse. Ruwa da gishirin da ke narke cikinsa, sodiyom da potasiyom da magneziyom, su ke lulluɓe cajin nan. Ruwa yana rage ƙarfin jan caji da caji wajen sau 80, alkol kuwa wajen sau 25 kawai, shiyasa da muka zuba alkol sodiyom ya samu damar maƙale wa fosfat kai tsaye, DNA ya rasa abinda ke riƙe shi a narke. Abinda ya fi ba ni mamaki shine murɗewar ma kanta da hannun ruwa a ciki, don haruffan nan huɗu faffaɗan jikinsu ba ya shiri da ruwa, sai su cusa kai ciki su hau kan juna su matse don kar ruwa ya samu wurin shiga tsakaninsu, to wannan matsewar ce take tilasta wa zaren ya juya. Wato siffar da ake zana mana a allo, wadda ake kira B, mai hawa 10 da ɗan wani abu a kowane zagaye, siffar jiƙaƙƙen DNA ce, sai kowane harafi ya samu ƙwayoyin ruwa kusan 20 kewaye da shi kafin ta tsaya daidai. In ruwan ya ragu sai ya gajarce yayi kauri ya koma siffar A mai hawa 11.

Wadda ta raba siffofin nan biyu Rosalind Franklin ce, a King's College ta Landan, ita da ɗalibinta Raymond Gosling. Kafin ta zo hotunan da ake ɗauka da hasken X a cakuɗe suke fitowa saboda ba'a tsayar da laimar da zaren ke ciki ba. Ita sai ta riƙa bi da iskar haidirojin ta cikin ruwan gishiri kafin ta kai wa zaren, ta haka take zaɓar laimar da take so, a wajen kashi 75 cikin 100 ta samu A, sama da kashi 90 ta samu B, kuma sanannen hoton nan mai lamba 51 na watan Mayun 1952 na jiƙaƙƙen ne. Daga yawan ruwan da DNA ke sha ta gane lallai fosfat a waje yake inda ruwa zai taɓa shi. A ƙarshen 1951 masanan nan Watson da Crick sun haɗa samfurinsu na farko na siffar DNA a Kembirij, zare uku da fosfat a ciki, aka kira ta ta gani, tana dubawa tace ruwan da kuka ba shi ya gaza na gaskiya har ninki 10, samfurin ya rushe nan take. Sai a 1953 suka fito da wanda duniya ta sani. Ita ta rasu 1958 tana da shekara 37, aka ba su Nobel su biyu da Wilkins, abokin aikinta a King's College, a 1962. Ni a ganina duk malamin da ke koyar da DNA ya kamata ya faɗi wannan, ba don tausayinta kawai ba, don yara su san auna ruwa ne ya gyara hanyar.

Bayan lisansi na samu zuwa sitaj wani labo a Yawunde, Baba ya haɗa min kilishi ɗaure guda na kai wa mai gidan da zan sauka. Ogan da aka haɗa ni da shi dattijo ne mai haƙuri, ba ya son a haddace, nunawa yake. Wata rana ya ɗauko wani anzim sunansa EcoRI, furotin ne da ake samu daga bakteriya, aikinsa ya bi DNA yana nema, duk inda ya tarar da GAATTC ya yanka, in ba nan ba ba ya taɓawa. Ya sa na haɗa tib biyu iri ɗaya, sai shi da gangan ya ƙara giliserol mai yawa a na biyun. Da yamma muka ɗora jel ɗin da ke jera guntayen DNA bisa tsayinsu kan fitilar UV muka kashe wutar ɗakin, layin farko guntaye ne tsaf yadda lissafi ya nuna, kowanne a wurinsa yana haske, na biyun kuwa ga ƙananan guntaye barkatai har ƙasa, anzim ɗin ya yi ta yanka inda ba'a aike shi ba. Yace shiyasa ake gargaɗi kar giliserol ya wuce kashi 5 cikin 100, yanzu gaya min dalili.

Sai da ya ja ni a hankali na gane. Furotin in zai hau DNA ba kan busasshen abu yake hawa ba, shi a jiƙe DNA a jiƙe. Lokacin da yake zamewa kan zaren yana nema akwai shimfiɗar ruwa tsakaninsu, ita ke sa shi sulɓi, sai ya iso daidai wurinsa sannan ya matse ya fitar da ruwan, kuma sakin ruwan nan da yake ɗaure ya koma yawo cikin sauran ruwa yana cikin abinda ke ba haɗuwar ƙarfi. Sidorova da Rau a Amurka sun auna a 1996, suka ga EcoRI in yana zaune inda ba nasa ba yana riƙe da ƙwayoyin ruwa wajen 110 fiye da in yana kan GAATTC. To giliserol janye ruwa yake, in ya yi yawa sai ruwan tsakanin ya fita ko da wurin kama da nasa kawai yake, anzim ya matse ya yanka. Wato ruwa yana cikin abinda ke sa furotin ya bambance adireshin gaskiya da mai kama da shi.

Kuma ba duka ruwan ke fita ba. A 1988 ƙungiyar Paul Sigler ta fitar da siffar wani furotin na E. coli da ke toshe haɗa tiriptofan in ya wadata, yana zaune kan DNA ɗinsa, mutane suna jiran su ga hannayen furotin sun kama haruffan kai tsaye, sai aka ga kusan duk muhimman wuraren ƙwayar ruwa ce a tsakani, hannu ɗaya ta kama furotin ɗaya ta kama harafi. Da farko wasu masana ba su yarda ba, daga baya aka yi ta ganin irinsa a wasu furotin ɗin. Ruwan da ake ɗauka ba ruwansa da komai ashe da shi ake karatun.

A wannan zaman ne na ba oga labarin Kawu da kwalbarsa. Bai ce komai ba, washegari ya ajiye min takardu a benci. Na farko aikin Drew da Dickerson ne na 1981, sun yi kiristal na wani guntun DNA mai haruffa 12, CGCGAATTCGCG, ku duba tsakiyarsa GAATTC ɗin nan ne dai na EcoRI. Jikin DNA yana da kwari biyu da ke bin murɗewar, babba da ƙarami, to a cikin ƙaramin kwarin, daidai inda A da T suka jeru, suka ga ƙwayoyin ruwa a jere reras kowace a mazauninta tana haɗa zaren nan da wancan, wasu kuma a samansu suna haɗa na ƙasan. Na biyun na 1990 ne daga ƙungiyar Stephen Neidle a Ingila, guntun DNA ɗin nan dai, amma an sa masa diminazin, wato sinadarin da ke cikin Berenil. Wallahi da na ga sunan a saman takardar sai da gabana ya faɗi. Maganin siriri ne mai ɗan lanƙwasa, yana shiga ƙaramin kwarin nan ya kori jeren ruwan ya kwanta a wurinsu, kansa ɗaya ya kama DNA da kansa, ɗaya kan kuwa bai kai ba, ƙwayar ruwa guda ce ta tsaya tsakani ta haɗa su. Ita kuma ƙwayar cutar sammore, tiripanozom, tana da wani tarin DNA na daban a gindin bulalarta da ake kira kinetoplas, dubban zobba sarƙe da juna cike da A da T, kuma tana da ƙofofi a fatarta da ke zuƙo maganin ciki ya taru, abinda ƙwayoyin jikin saniya ba sa yi haka. In ya cika kwarin nan furotin ɗin da ke kwafar DNA ɗin ba sa samun yin aikinsu, cutar ta kasa haihuwa.

A daren na kira Kawu. Nace Kawu kun tuna tambayar da kuka yi min a ruga shekarun baya, yace wace tambaya kuma ɗana, na tuna masa, na yi ta bayani iya yadda zan iya da Hausa, ya saurara har na gama sannan yace "to madalla, Allah yayi albarka, amma ka gaya min me yasa yanzu in na yi allurar ba ta ci kaman da?" Wannan tambayar tasa ta biyu ita ce aikin da nake ci da shi yau.

Don a amsa ta sai an san wace cuta ce a jikin saniyar, tiripanozom irin congolense ce ko vivax ko brucei, ko ma ba sammore ba ne, kuma mikroskop yakan kasa gani in ƙwayoyin sun yi kaɗan a jini, sai an nemo DNA ɗinsu da PCR, gwajin da ke kwafar DNA ya ninka shi har a iya ganinsa. Ruga kuwa ba firigo ba wutar lantarki, saboda haka ɗiga jinin ake a takardar tacewa ta musamman a shanya a kawo mana. Nan na ga ɗaya fuskar ruwa. Ruwan nan da ke tsayar da DNA shi ne kuma ke cin sa a hankali, yana tsinke haruffan A da G daga jikin zaren, Tomas Lindahl ya ƙiyasta kowace ƙwayar halittar jikinmu tana rasa wajen 10,000 a kullum, sai dai mai rai yana da masu gyara, kan wannan fannin gyaran ya samu Nobel a 2015. Jinin da ya bar jiki ba mai gyara masa, ga anzim masu yanka DNA da fumfuna duk ba sa aiki sai da laima. Da nake yi wa Baba bayani yayi dariya yace ashe sana'armu ɗaya, ni ma ruwa nake kora daga nama, na hunturu ya yi wata da watanni, na Agusta in ba'a kula ba kwana kaɗan ya yi fumfuna. Haka ɗin ne kuwa.

Na taɓa karɓar kwali guda na takardun nan da wata tawaga ta tara a tsakiyar damina, sun sha wahalar hanya sun bi rugage da yawa, amma an zuba su a leda tun ba su gama bushewa ba kuma ba'a sa jakar silika mai shanye laima ko ɗaya ba. Ina buɗewa wari ya bugo ni, ɗigon jinin da ya kamata ya zama baƙi-baƙi a bushe ya yi kore da furfura, takardun sun manne da juna, kusan duk ba abinda ya fito a PCR. Abin ya ƙona min rai don na san makiyayan da suka yarda aka kada musu shanu suna can suna jiran sakamako. Tun daga nan duk mai fita daji sai ya zauna da ni tukuna, in nuna masa da hannu, a shimfiɗa takardar a kwance a inuwa ba a rana ba, kar ta taɓa 'yar uwarta, a ba ta awa uku zuwa huɗu, in damina ce a bar ta ta kwana, sannan kowace a ledarta da silika, in silikar ta canza launi a sauya. Kuma ina gaya musu dalili, don na lura wanda ya gane me ruwa ke yi wa DNA ba ya gajarta shanyar ko mota na jiransa.

Abinda muke gani game da tambayar Kawu kuwa ba abu ɗaya ba ne. Akwai jabun magani a kasuwannin shanu, jaka da tambari kaman na gaske amma sinadarin ciki bai kai ba. Akwai raba jaka, ƙaramar jakar nan mai giram 2.36 an yi ta ne don dabba mai kilo 300, sai ka ga mutum ya raba wa bijimai biyu ko uku saboda tsada, kuma ban ga laifinsa sosai ba don na san yadda kuɗi ke wuya a ruga, amma maganin da bai isa ba ba ya gama da cutar, masu taurin ne ke tsira su yaɗu, kuma a wasu irin tiripanozom an nuna ƙofar da ke shigo da maganin ce suke rasawa, ka ga komai kyan yadda yake kwanciya a kwarin DNA in bai shiga ba aikin banza ne. Akwai kuma wanda duk saniyar da ta rame sai ya soka mata Berenil alhali tsutsar hanta ce ko yunwar rani. 'Yan uwana mahauta su ma ina roƙonsu, dabbar da aka yi wa allura jiya ba ta yanka ba ce yau, a duba kwanakin jira da ke rubuce a jikin jakar.

Kawu yanzu ya tsufa, ɗansa ke kula da garken, na saya masa tef ɗin auna ƙirjin saniya don ya riƙa ƙiyasta kilo kafin ya dama magani, kuma in shanu suka fara zubewa yana ɗiga min jini a takarda ya ba direban mota ya kawo Garwa. Ni kuma ina haɗa takardun neman masta, so nake in bi shanun da aka yi wa cikakkiyar allura da maganin gaske in ga kashi nawa cutar ke dawo musu bayan sati biyu zuwa uku a yankin Faro da Deo, da kuma wace iri ce ke dawowa. Kuɗin kayan PCR ɗin ne ban samu ba har yanzu, dan Allah ku sa ni a addu'a.